Rahab ta Ofishin Ƙididdiga

Da Rahab ta gama digirinta na ƙididdiga a Zariya, aiki biyu suka zo mata. Wani kamfanin inshora a Kaduna ya kira ta, ƙaramar hukumarsu ma ta ba ta gurbi. Babanta Malam Toma, manomin auduga a wajen Malumfashi, ya ce kamfani yau yana nan gobe ya rufe, gwamnati kuwa ba ta mutuwa, ga fansho. Ta bi maganarsa. Ita ma hankalinta ya fi kwanciya da hakan.

A sakatariya aka ba ta tebur da kujera, aikin ne kawai ba a ba ta ba. Ba wanda ya taɓa tambayar ta yawan yaran makaranta ko abin da aka noma a shekara. Albashi ɗan kaɗan, wani watan ma a makare. Tun tana buɗe littattafanta har ta koma sayar wa matan ofis atamfa. Ta yi aure, 'yarta Ƙauna ta girma, furfura ta soma leƙowa.

Wajen wani biki a Funtua ta haɗu da Abdulmutallib, ɗan ajinsu da takan koya wa lissafi in jarrabawa ta matso. Shi kamfani ya shiga, yanzu yana shugabantar sashen inshorar amfanin gona.

"Maman Ƙauna, irinki muke nema," in ji shi. "Mai lissafi da ya san gona. Albashinmu ya yi wa na gwamnati nisa."

Washegari ta same shi a ofishinsu na Funtua. Ya buɗe mata kwamfuta, ga bayanan ruwan sama da na masara daga Dandume har Tsiga, ya ce ta auna haɗarin asarar manoma. Ta fahimci abin da ake nema sarai. Sunayen hanyoyin lissafin ma suna zuwa mata, amma ta rasa ta inda za ta kama.

"Karatun ya gudu, Alhaji," ta ce a hankali. "Duk ya gudu."

"Zai dawo. Ki zo ki zauna da sababbin ma'aikatanmu ki koya."

Ta tuna fanshon da ya kusa, ta hango kanta zaune cikin sa'annin Ƙauna tana tambayar inda za ta danna.

"Zan yi shawara," ta ce.

Bai matsa mata ba. Ya raka ta bakin titi, ya tsayar mata da motar Malumfashi. Ranar Litinin ta koma sakatariya, ta tarar da wata mata tana jiran ta, tana son atamfa mai ruwan ganye.