Batirin Rimot Ɗin Yaya

Kyaftin ake ce masa a gida, ko da yake bai taɓa shiga jirgin sama ba. Direban motar asibiti ne, mai son a san ya iya komai, kuma matar yayansa ce ta laƙaba masa sunan don tsokana.

Yayan nasa mai gyaran rediyo ne kafin ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Da ya tashi, hannun damansa ya koma rawa, likita ya ce ya nemi aikin da zai riƙa motsa yatsu. Shi ne ya shiga ƙera ƙaramin jirgin sama na soso da siririn katako, irin wanda ake sarrafawa da rimot daga ƙasa. Watanni ya yi a ɗakin aikinsa na bayan gida, gam yana manne masa a yatsu, sukurori suna faɗuwa yana sunkuyawa yana lalube. Da ya gama sai ya shafa wa jirgin jan fenti.

Ranar gwaji suka tafi filin ƙwallo na bayan makaranta. Yaya ya riƙe rimot ɗin, ya ga yadda babban yatsansa ke karkarwa a kan sandar tuƙin, ya miƙa wa ƙanensa.

"Kai za ka tuƙa. Amma duba wutar batirin tukuna. In lambar da ke allon rimot ɗin ta gaza bakwai, kada ka tashe shi."

Kyaftin ya duba. Shida da ɗoriya ya gani. Amma 'yan ƙwallo sun riga sun dakatar da wasa sun kewaye su, har da abokan aikinsa biyu da ya gayyato da bakinsa. Ya za a ce a koma gida caji?

"Ƙalau yake, Yaya."

Jirgin ya tashi tamkar ba hannu mai rawa ne ya ƙera shi ba. Mutane suka ɗauki tafi. Yaya ya ɗaga kai, baki buɗe, yana dariya irin wadda ba a ji ya yi ba tun kwanciyarsa. Ana cikin haka rimot ya fara ƙarar gargaɗin batiri, tit-tit-tit. Kyaftin ya danne bakin lasifikar da yatsa, ya ce a ransa zagaye ɗaya kawai zai ƙara. Kafin ya juyo da shi allon ya mutu. Jirgin ya miƙe abinsa, ya karkata, ya daki katangar makaranta.

Da suka isa, fiffike ɗaya ya rabu da jiki, farfela ta karye. Ido ya yi wa Kyaftin yawa. Bai san lokacin da bakinsa ya ce, "Ina jin fiffiken ne bai kamu sosai ba. Tun a sama na ji yana jan gefe."

Yaya ya ɗauki fiffiken ya juya shi, ya dubi wurin gam ɗin, sannan ya dubi hannunsa. Bai yi musu ba. "To," kawai ya ce.

Washegari Kyaftin ya biya gidan da niyyar gaisuwa. Matar yayan ta tare shi a ƙofar kicin, yau babu tsokana.

"Shiga ka ga ɗan'uwanka. Tun jiya bai sa komai a bakinsa ba. Wai hannunsa ya gama aiki, a kira wanda zai kwashe kayan."

Ya same shi zaune a kan benci, kwali a gabansa, yana jera filaya da sukundireba da ƙarfen soda a ciki. Rimot ɗin na gefen tebur. Kyaftin ya yi gaisuwa, ya tsaya a gabansa. Sai ya miƙa hannu cikin kwalin ya zaro mitar auna wuta, ya buɗe bayan rimot, ya ɗora wayoyin biyu a kan batirin, ya juya fuskar mitar wajen yayansa.

Yaya ya gyara tabarau ya daɗe yana kallo.

"Nawa ka gani jiya kafin ka tashe shi?"

"Shida da wani abu."

"Ya yi ƙara?"

"Ya yi. Na toshe."

"Ka toshe."

Da zagi ya yi, da ya fi wa Kyaftin sauƙi. Yaya ya cire tabarau ya goge a bakin riga.

"Jirgi ai soso ne, ana sake wani. Amma ka bar ni na kwana ina tuhumar hannun nan." Ya ɗaga shi, yana rawa. "A gaban mutane, ƙanena."

"Ka yafe mini, Yaya."

"Je ka, za ka makara aiki."

Ya fita bai iya haɗa ido da matar ba. A hanya sau da yawa ana yi masa ham a baya, fitilar hanya ta ba shi hannu bai lura ba.

Mako ya zagayo kafin matar ta kira shi a waya, ta ce yayansa na son a sayo masa sabuwar farfela da gam mai ƙarfi. Ya kai da kansa. Yaya ya karɓa ya yi godiya kamar yadda ake yi wa baƙo. Da jirgin ya sake tashi, maƙwabcinsu tela ne ya riƙe rimot. Kyaftin kuwa aka ba shi jakar kaya, ya tsaya can baya kusa da ragar gola.