Tuwo a Cikin Lagireto

Motar Kawu Inusah 'yar ƙarama ce, ja, mai kujera biyu, da rufin tamfol da ake naɗewa baya. Daga Ingila ta zo tun kafin a haife ni, lokacin da goro ke riƙe da gidanmu. A cikinta ya ɗauko amaryarsa Asiatu daga Yendi zuwa Salaga. Bayan rasuwarsa ta yi shekara shida a ƙarƙashin rumfa, kaji na shan inuwarta.

Ni Mukaila ɗan ƙanwarsa ne. Fita nake, wato makaniki, manyan motocin doya nake gyarawa, kuma ina da bakin da ya fi hannuna aiki. Da aka sa ranar auren Nusrat, jikar Kawu, da wani malamin makaranta na Yendi, sai Hajiya Asiatu, wadda muke kira Mma, wato uwa, ta kira ni.

"Motar da ta kawo ni daga Yendi, ita za ta kai Nusrat Yendi," ta ce. "Saura mako uku. Za ka iya, ɗana?"

Na ce wannan ai ba aiki ba ne.

Na sauya batir da mai da tayoyi, inji ya tashi kamar jiya aka kashe shi. Abu ɗaya ya rage, lagireto yana ɗigar ruwa ta gindi. Hajiya ta nuna mini wata randa a bayan ɗaki. Ta ce Kawu bai taɓa zuba wa motar nan ruwan rijiya ba, sai ruwan sama da ya tara ya tace, kuma har yanzu tana tarawa duk damina. Na yi dariya a raina. Na ce lallai tsofaffi ba sa rasa abin ɓata lokaci.

Mu a tashar doya, idan lagireto ya fara ɗiga a hanya, garin rogo muke jefa masa cikin hannu guda. Ruwa ya yi zafi, gari ya kumbura ya toshe hudar, mota ta kai Kumasi. Ban tsaya na yi tunanin cewa hanyoyin ruwan babbar mota sun ninka na wannan 'yar mitsitsiya faɗi ba. Da Hajiya ta shiga sallar azahar, na ɗebo gari daga madafinta, na ƙara da rabin hannu don in tabbatar, na cika da ruwan rijiya.

Ban kai ƙarshen unguwa ba allurar zafi ta haye sama, tururi ya turnuƙe gaban motar. Allah ya taimake ni na kashe inji da wuri. Mutane suka taya ni turo ta gida, Hajiya na tsaye a bakin ƙofa. Ta matso, ta sunkuya kan injin, ta ɗago.

"Me ya same ta?"

A nan ne na yi abin da har yau idan na tuna nake jin kamar in nutse.

"Tsatsa ce, Mma Hajiya. Cikin ya ruɓe tun da daɗewa. Gaskiya Kawu bai kula da lagireton nan ba."

Ta dube ni. Mutumin da ya biya mini kuɗin koyon sana'a, shi na ɗora wa laifina, don ba shi da bakin musawa.

Na cire lagireton, na auna tsawo da faɗi da igiya, na ƙuƙƙulla, na shiga nema. Niyyata in samo wani in ɗaura, in jefa tsohon a daji. A Yendi, Yussif mai kayan mota ya zazzage mini shagonsa. Lagireton tasi ya yi tsawo, murfin gaba ba zai rufu ba. Wani ya yi daidai da igiyata, amma bakin tiyonsa na hagu, namu kuwa na dama. Na uku na roba ne, babu inda za a kama shi da ƙusa.

"Masta, wannan mota ya girme shagona," in ji Yussif. "Ka je Bawku wurin Baba Sidiku. In shi bai samu ba, ka sayo doki."

Da na gaya wa Hajiya, sai ta ce tare za mu tafi, kuma da tsohon lagireton, domin Sidiku shi ke duba wa Kawu mota a da. Na kawo dalilin nisa, na kawo na ciwon ƙafarta. Ta ce kujerar gaba za ta zauna a motar haya. Tun daga Tamale har Savelugu har Bolga, buhun da na sa lagireton na tsakanin ƙafafuna, ina jin kamar duk motar ni ake kallo.

Baba Sidiku tsoho ne siriri, rumfarsa cike da lagiretocin da ke shigowa ta iyakar Togo. Ya yi wa Hajiya ta'aziyyar da ta makara shekara shida, ya shimfiɗa mata tabarma. Ya juya namu a hannu, ya ƙwanƙwasa tankin tagulla na sama.

"Irin wannan babu shi, Hajiya, ko Lome ka je. Amma tanki na sama da na ƙasa lafiya lau. Zan yanko ciki daga na wani ƙaramin mota, in haɗa da dalma. Baki na nan inda yake, ƙusa na nan inda yake."

Ya kunna wuta ya bi gefen tankin, dalma ta narke, ya ɗaga. Wani wari mai tsami ya cika rumfar. Tuwon rogo fari fat ya daskare a kowace hanya ta ruwa. Ya sa tsinke ya ƙwaƙulo, ya murza a yatsa, ya kai hanci. Ƙarƙashin tuwon kuwa tagulla na ƙyalli, babu ko ɗigon tsatsa. Shekara arba'in na ruwan sama ke nan.

Ya ɗago ya dube ni, ɗan sana'a da ɗan sana'a. Na ga yana neman hanyar rufa mini asiri.

"Tsufa ne, Hajiya," ya ce a hankali. "Ƙarfe in ya tsufa..."

Wannan alherin ya fi mari zafi. Kunya ta rufe ni. Na durƙusa a gaban tabarmar.

"Mma Hajiya, ni ne. Garin rogo na zuba, da ruwan rijiya. Kawu ba shi da laifi. Ƙarya na yi masa."

Ta gyara mayafinta. Muryarta ba ta tashi ba.

"Mukaila, shekara hamsin ina tuƙa tuwo. Ka ɗauka ban san warin garina ba? Tun a ƙofar gida na ji shi."

"To me ya sa kika sha wannan doguwar hanya?"

"Mota ƙarfe ce, in ba ta tashi ba Nusrat za ta shiga wata. Shi kuwa yana kwance, ba zai iya wanke kansa ba. So nake bakin da ya ɓata shi ya wanke shi, a gaban wanda ya san shi."

Kwana biyu Baba Sidiku ya yi yana haɗawa, da muka koma Salaga lagireton ya zauna a mazauninsa daram. Ranar kai amarya na zo da sassafe da sabuwar riga, ina tsammanin ni zan tuƙa. Hajiya ta miƙa wa ƙanin ango makulli. Ni kuma ta miƙo mini jarka cike da ruwa daga randar Kawu, ta ce in bi su a baya a kan babur, ko motar za ta nemi ruwa.

Har Yendi na bi su da jarkar ɗaure a bayana. Ba ta nemi ko ɗigo ba.