Itacen Tejfat na Bayan Kicin

Tun bara da dutsen da ke saman ƙauyen ya tsage, mutane suke ta kwashe kaya suna gangarawa. Saura Dilmaya, tsohuwa mai taurin kan tsiya. Ɗanta Khagendra ya hawo daga garin Butwal ya fi a ƙirga, ya yi lallami, ya yi faɗa, amsar dai ɗaya ce: ba ta barin itacen tejfat na bayan kicinta. Ganyensa take jefawa a wake da shayi tun tana amarya, wai na kasuwa ƙamshin kwali yake yi. Ga damina ta ƙarato, kowa kuwa ya san abin da ruwa ke yi wa tsagaggen dutse.

Wannan karon da diga da buhuna ya zo.

"Ama," ya ce, don haka yake kiran uwarsa, "da itacen za mu tafi."

"Kai Auta? Kai da ko barkono ba ka taɓa rayawa ba?"

"A kansa zan koya."

"Itacena ya shiga uku," in ji ta, ta shige kicin.

Ya yi dariya. Amma ya sani sarai ba a tumɓuke babban itace rana ɗaya. Sai an haƙa rami an kewaye shi, a datse manyan saiwoyi, a cike da taki, a bar shi shekara guda ya fito da ƙanana kusa da gindi. In ba haka ba bushewa zai yi. Shi kuwa ina ya ga shekara? Ya riga ya yanke a ransa, in itacen ya mutu a Butwal ya sha zagi, muddin uwarsa na da ran yin zagin.

Ya ɗaga diga da ƙarfinsa, sai ta nutse kamar a tulin gari. Ya matsa gaba, haka. Ya durƙusa ya sa hannu, ya tono ruɓaɓɓen ganye da kashin shanu. A ƙasa ga manyan saiwoyin duk a datse, sara a kan sara, aikin hannun da ba ƙarfi. Ƙananan saiwoyi farare sun cika wurin.

Yana nan durƙushe ta fito da shayi.

"Ama, wa ya haƙa nan?"

"Kaji."

"Ama."

Ta ajiye kofin a kan dutse. "Bara ne, da ruwa ya ɗauke. Kullum kaɗan, in gwiwa ta yarda."

Tausayinta ya kama shi. "To me ya sa kika bar ni ina ta roƙonki?"

"Da na ce to, ai a ranar za ka ɗauke ni, shi kuwa bai shirya ba." Ta shafa gindin itacen, ta kau da kai. "Ni ma ban shirya ba. Sha shayinka, ka haƙa a hankali, kada ka ɓata mini aiki."