Katin Mala Kyari

Mala Kyari bai taɓa zama a aji ba, amma duk Fagge an san shi. Shekara talatin yana dakon gyaɗa a tashar jirgin ƙasa, buhu biyu a tashi ɗaya. Yunwar Kakalaba da ta share garuruwa ma da ta gan shi kaucewa ta yi. Irin mazan nan an daina haihuwarsu.

Matarsa Yagana ce ta kasa. Haƙora sun zube, tuwo ba ya wucewa, har zobenta ya fara zamewa daga yatsa. Da matan unguwa da Veronica, wata nas daga Sabon Gari, suka fara dama kunun gyaɗa da madarar gari suna raba wa tsofaffi kullum da hantsi, sai Mala ya je ya dangwala yatsa aka ba shi kati. Mako uku yana karɓo mata, har ta fara tashi zaune. Katin kuwa a hularsa yake soke shi, yana gaya wa jama'a takardar girmamawa ce.

Ran nan a layi, Jimoh tela, wanda ya zo karɓar wa uwarsa, ya zare katin.

"Baba Mala, ka san abin da aka rubuta? 'Gajiyayye.'"

Layi ya fashe da dariya. Mala ya yi kan tukunya.

"Ke Baronika! Ni ne gajiyayye? Yaushe na gaji? A gaban uban wa na gaji? Tun ba a haifi babanki ba wuyan nan ke cin buhu!"

"Baba, haka ake rubuta wa kowa. Ba kati, ba kunu."

Ya ɗaga katin zai yaga, sai ya tuna Yagana na can kan tabarma, ta wanke ƙwaryarta tana jira. Hannun ya tsaya a sama.

Ya hango wani tulu cike da kunu a gefe, ya ce, "Wancan tulun na wane ne?"

"Na tsofaffin da ba sa iya fitowa. Mun rasa mai kai musu."

Mala ya sunkuya ya ɗora tulun a ka, ko gammo babu. Gwiwa ta yi ƙara, ya yi kamar bai ji ba.

"Zuba na Yagana. Sannan ki soke ƙaryar nan ki rubuta ɗan dako. Kai kuma mai dogon baki, karanta in ji, kada ta cuce ni."

Veronica ta rubuta. Jimoh ya duba ya ce, "Ɗan dako, Baba."

"Ɗaga murya, kamar ɗazu!"

Sai da ƙarshen layi ya ji, sannan Mala ya soke katin a aljihu ya fita da tulun, yana faɗa har bakin titi.