Kunyar 'Yar Fari

Tun a mota Saudatu take cika tana batsewa. Daga Zango zuwa Daura ba wata tafiya ba ce, amma kafin su iso ta yi tsaki ya fi a ƙirga, har matar da ke kusa da ita ta tambaye ta ko haƙori ne ke damunta.

Ba haƙori ba ne, kishi ne, kuma da yayarta Madina take yin sa, uwa ɗaya uba ɗaya.

Lubna ce 'yar Saudatu ta fari. Ranar da aka yaye ta, Madina, wadda Allah bai ba haihuwa ba, ta zo ta goya ta, ta tafi da ita Daura. Saudatu ba ta hana ba. Ina ita ina magana a kan 'yar fari? Haka ta taso ta ga ana yi. Shekara ashirin da uku ba ta taɓa kama sunan yarinyar ba, sai dai ta ce "'yar Yaya". In yarinyar ta zo hutu ta rugo za ta faɗa jikinta, sai ta kau da kai ta ce, "Je ki, akwai tuwo a kwano." Alhali wallahi son da take mata ya fi na sauran shidan da ta haifa.

To, ga shi Lubna ta haifi 'ya mace, kuma a gidan Madina take wankan jego. Yau suna.

Tana shiga gidan da tulin garin kunu da galan ɗin man gyaɗar da ta matse da hannunta, sai mata suka tarbe ta da guɗa. "Kin ji sunan? Madina aka raɗa mata! Hajiya ta yi takwara!"

"Allah ya raya," in ji Saudatu.

Ta sami gefen tabarma ta zauna. Duk wadda ta shigo, yabo ɗaya ne. Lubna akwai ladabi, tarbiyyar Madina ce. Lubna akwai tsafta, ai Madina ce. Har wata mai ƙaton ɗaurin ɗankwali ta ce wai hancinsu iri ɗaya. Hanci kuma! Saudatu ta shafa nata, wanda kowa a Zango ya san shi ne a fuskar Lubna. Ita ta yi laulayin wata tara, ita ta kwana biyu tana naƙuda, amma an rasa abu ɗaya tak a jikin yarinyar nan da za a ce nata ne. Ga Madina can tana kai da kawowa cikin leshi, tana "'yata kaza, jikata kaza", ko kunya babu.

Da hantsi ya ɗaga aka ce ta shiga ta ga mai jego. Lubna na zaune a bakin gado, ta sha lalle. Ta sauko ta durƙusa.

"Sannu da zuwa, Inna."

"Yauwa. An sauka lafiya?" Saudatu ta faɗa tana kallon labule.

Jaririyar na kwance a tsakiyar gado, sai ta tsala kuka. Ɗakin cike da mata, amma Lubna ba ta ko waiwaya ba. Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zanenta. Kukan ya ƙaru.

Sai ga Madina ta faɗo ɗakin. "Ke Lubna, ba kya ji ne? Ɗauki yarinyar nan ki ba ta nono!"

"Umma, da mutane," in ji Lubna a hankali.

"Mutanen me? Ni na gaji! Kwana bakwai ke nan, in da ido a ɗaki ba ta ɗaukarta, ba ta kallonta, sai an fita ta rungume ta tana hawaye." Madina ta juyo kan ƙanwarta. "Saudatu, wannan aikinki ne. Ni ban koya mata haka ba. Shekara ashirin ina ja ta a jiki, amma hutun sati biyu da take yi a wurinki ya fi tasiri."

Kai, wani sanyi ya ratsa Saudatu tun daga ka har ƙafa. Aikinki ne! A gaban matan Daura, da bakin Madina! Ta gyara zama, ta ɗan ɗaga kai don mai ƙaton ɗankwali ta gani da kyau. Ashe dai akwai nata a ciki.

"Ai kunya ce, Yaya," ta ce, har da murmushi. "'Yar fari ce."

"Haka ne," in ji Lubna, ba ta ɗago ba. "Ni ma da ina ƙarama na ɗauka Inna ba ta sona. In na koma Daura sai in shige bayan ɗaki in yi ta kuka. Da na girma na gane haka uwa ta gari take yi. Ita ma wannan za ta gane in ta girma."

Murmushin ya tsaya a fuskar Saudatu. Ba ta taɓa sanin an yi kuka a bayan ɗaki ba. Ta dubi jaririyar, fuska ta yi jajir, 'yan hannuwa na laluben iska. Ta dubi uwar, ta ga gaban rigarta ya jiƙe da nono, ga kai a kauce, daidai yadda ita take kau da nata. Abin da ta zo nema tun daga Zango ke nan, ga shi ta samu, kuma ta ji ba ta son sa.

Ta miƙe ta ɗauki jaririyar. Ta buɗe baki, sunan ya maƙale, ta sake buɗewa.

"Lubna."

Lubna ta ɗago a firgice, tana duba wanda ya kira ta.

"Ni ce," in ji Saudatu. "Lubna, karɓi 'yarki. Ki dube ta, kowa na gani."