Wanda Ya Yanke Tsagiya

Gogen yana nan rataye a ƙusarsa, inda Mujtaba ya bar shi jiya, amma tsagiyarsa ta rabu biyu. Rabi ya nannaɗe a wuyan sandar, rabi yana reto a kan fatar guza. Mujtaba ya miƙa hannu, sai ya tuna, ya janye shi ya ɓoye a bayansa. Ba a taɓa komai a inda aka yi ɓarna. Wannan shi ne layin farko a littafin da Ustaza Sabah, malamar kimiyya a sakandarensu ta Hajj Abdalla, ta ara masa.

Tun ranar da littafin nan ya shigo gidan, kowa ya shiga uku. Yaro ya ce shi ba likita zai zama ba, ba injiniya ba, adilla jina'iyya zai karanta, wato ilimin gano mai laifi daga abin da ya bari a wurin. Ya auna sawun akuya, ya shinshina kofunan shayi, har ya taɓa kama ƙanwarsa Huda da satar dabino ta hanyar ƙwallayen da ta zubar bayan randa. Duk inda za shi, da adasa a aljihunsa, gilashin nan mai ƙara girman abu. Abu ɗaya ne kawai ke raba shi da littafi, shi ne gogen kakansa Almu. Tsohon ne ya koya masa tun yana ɗan shekara tara, kuma yanzu da hannun tsohon ya fara rawa, Mujtaba ne zai yi kiɗa ran Alhamis a bikin Hanaa, 'yar baffansa. Karonsa na farko ke nan a gaban jama'a, ga shi saura kwana uku.

Ya durƙusa don ya duba sawu. Ƙasar ɗakin fes take, sai zanen tsintsiya.

“Inna! Kin share ɗakin nan?”

Mairo tana tsugune tana hura wuta. Ba ta ko waiwayo ba, don Mujtaba ɗan fari ne, ita da mijinta ba mai kama sunansa, ba mai yi masa magana ido cikin ido in da hali.

“Huda, gaya wa yayanki ban san gidana ya koma ofishin 'yan sanda ba. Gobe sai ya rubuto mini takarda kafin in ɗauki tsintsiya.”

Huda ta ƙyalƙyale da dariya. Shi kuwa ba dariya a ransa ko kaɗan, don ya riga ya san wanda yake zargi.

Jiya da yamma yana gwada waƙar amarya a ƙarƙashin rakuba, rumfar tsakar gida, mahaifinsa Bilyamin ya dawo daga hawasha, gonarsa ta ban ruwa, da laka har gwiwa. Ya tsaya, ya daɗe a tsaye, sannan ya ce, kamar da bango yake magana, “Jarrabawar shahada ta gama sakandare saura wata biyu.” Ya shige ɗaki. Haka yake kullum. Tun da yaron ya fara, bai taɓa ce masa sannu da kiɗa ba, bai taɓa zama ya saurara ba. Da an ja izga a kan tsagiya sai ya tuna akwai ruwan da zai buɗe a gona. Mutane suna cewa kunya ce ta ɗan fari. Mujtaba ya gaji da jin haka. Kunya ba ta yanke tsagiya.

“Ina Abba?” ya tambayi Huda.

“Ya fita tun asuba. Wai kasuwa.”

“Kasuwa? Yau ranar ban ruwa ce. Me zai sayo?”

“Oho. Kai ne mai gilashi, ka gano.”

Wannan ya ƙara tabbatar masa. Mutumin da ko zazzaɓi bai hana shi ban ruwa ba, yau ya bar auduga da ƙishi ya tafi kasuwa? Gudun haɗa ido ne kawai. Nan take Mujtaba ya yi rantsuwa a zuci: in ya tabbata Abba ne, zai tattara littattafansa ya koma gidan kawunsa a Sinja, ya zauna jarrabawa daga can, kuma ba zai sake kwana a gidan nan ba. Ya sauke gogen da tsumma a hannu, ya kai shi rana, ya ɗora adasa a bakin yankan. Ba tsinkewa ba ce. Tsagiyar da ta gaji takan tsinke sili-sili, kowane da tsawonsa, bakinsa a tattaɓe. Wannan kuwa kaifi ne ya ratsa ta.

Kaka Almu yana kishingiɗe a kan gadonsa na igiya a ƙofar ɗaki, idanunsa da suka yi fari suna kallon sama, kofin jabana, gahawarsa ta safe, yana karkarwa a hannunsa.

“Wa nake ji yana huci kamar jakin da aka hana dusa? Ɗan sandan gidanmu ne?”

“Kaka, an yanke tsagiya.”

“Ɓera ne,” in ji tsohon, ko mamaki bai yi ba. “Ɓerayen yankin nan namu na Jazira sun fi mutanenta ƙiba. Ƙanshin ƙaron da ake goga mata suke bi.”

“Ɓera ba ya yawo da wuƙa.”

“Kai ka sani? Ka taɓa caje aljihunsa?” Ya yi 'yar dariya, ta ƙare da tari. “Rabu da shi, abokina. A kira masu ganga su yi wa Hanaa. Kai je ka kama littafinka.”

Mujtaba ya dube shi da tausayi. Tsohon yana rufa wa ɗansa asiri ne, ba shakka. Ya kwashe silin da suka zube da ya sauke gogen ya zuba a takarda, ya naɗe, ya rubuta ranar da lokacin a bayanta.

Ranar nan ko makaranta bai je ba. Ya duba laujen mahaifinsa, ya duba wuƙar yanka, ya duba almakashin Inna har ta aiko Huda ta ƙwace. Bai sami komai ba, rashin samun ma sai ya zama masa wata shaida: ashe har ɓoye makamin aka yi.

Sai bayan la'asar Bilyamin ya shigo, fuskarsa ta sha rana, takalmansa sun yi butu-butu. Ya cire jallabiya ya rataye a sandar rakuba, ya ɗauki buta. Yana juya baya Mujtaba ya matsa. A kafaɗar rigar, ga shi nan kwance, fari, dogo, yana ƙyalli: gashin wutsiyar doki. Su kuwa ba su da doki, duk layinsu ba mai doki. Ya zare silin da yatsu biyu.

“Abba.”

Bilyamin ya tsaya da buta a hannu. Mairo ta daina tankaɗe. Ko tattabarun gidan sai da suka yi tsit.

“Abba, da ka ce mini in bari, da na bari. Wallahi da na bari. Amma ka yanke ta a ɓoye, ka gudu kasuwa?” Ya ɗaga silin sama. “Ga shi a rigarka na samu.”

“Innalillahi!” in ji Mairo. “Huda, yayanki ya haukace?”

Bilyamin bai ɗaga murya ba. Ya dubi silin, ba yaron ba.

“An sa masa gilashin?”

“Na'am?”

“Gilashin nan da ake ta damun mu da shi. An duba da shi, ko ido kawai aka sa?”

Ba a duba ba. Mujtaba ya ji kunnuwansa sun yi zafi. Ya buɗe takardar da ya naɗe da safe, ya jera sili biyu a kan tafinsa, ya ɗora adasa. Na gogen ya yi ruwan ƙasa, ƙaron ararraɓi na shekara da shekaru ya daskare a jikinsa kamar gari. Na rigar kuwa fari sol, sumul, ko ɗigon ƙaro babu, tsawonsa ya kai hannu guda bai yanke ko'ina ba. Ya kai shi hanci. Warin doki yake yi, dokin da ke da rai yau ɗin nan.

Da ƙasa za ta tsage da ya shige. Sai ya jawo gogen ya sake duba bakin yankan, don ya sami inda zai sa idonsa. Yanzu da ba ya neman kowa a ciki, sai ya ga abin da ke nan tun safe. Yankan ba ɗaya ba ne. Hawa uku ne: an fara, kaifin ya zame, an sake, ya zame, sai a na uku ta rabu. Mahaifinsa kuwa mutum ne da ke sare karan dawa da sara ɗaya. Hannun da ya yi wannan aiki rawa yake yi.

A hankali ya juya. Kaka Almu ya koma cikin ɗaki, amma 'yar wuƙarsa ta yankan farce tana nan a ƙarƙashin matashi, ƙotarta a waje. Ita kaɗai ce bai duba ba duk yinin nan, don ko a mafarki bai kawo ta ba. Ya zaro ta. Ba sai an sa adasa ba. Ƙanshin ararraɓi yana bakinta.

Bilyamin ya ajiye buta, ya sa hannu a aljihun jallabiyar, ya fito da wani ƙulli a tsumma. Ya zauna a bakin tabarma, ya ba ɗansa gefe, ya kwance. Tsagiya ce, dami guda, fara tas.

“Masu keken doki na Hajj Abdalla duk baƙaƙe gare su da jajaye,” ya ce wa tabarmar. “Sai da na kai Sinnar kafin in sami fari. Mai shi ma da ƙyar ya yarda a taɓa masa wutsiya.”

“Abba, dama ka san Kaka ne?”

“Da na fito alwala na leƙa na gani, na sani.” Ya fara tsefe gashin da yatsunsa masu kaushi, yana daidaita bakinsu. “Ni ma ya yanke mini. Shekarar da zan zauna jarrabawa, saura kwana kaɗan bikin wata gwaggona. Ya ce ɓera ne.”

Mujtaba ya zauna daɓas a ƙasa.

“Kai ma kana kiɗa?”

“Ba ya iya ganin gogen a rataye, sai ya koyar. In hannun yaro ya nuna kuma, sai tsoro ya kama shi. Shi ya san sunan da aka kira shi da shi a garin nan shekara sittin, maroƙi, ya san inda ake zaunar da shi in an zo cin abinci. Ba ya so a kira jininsa haka.” Ya ja numfashi. “Ni ba wanda ya je mini Sinnar. Na yi fushi na bar gogen, fushin bai bar ni na yi karatun ba. Na tashi ba ko ɗaya. Ga hawasha nan, ita ta karɓe ni.”

Mairo ta sunkuyar da kai a kan rariya. Ita ma, ashe, ta sani.

“Ka yafe mini, Abba.” Hawaye suka zubo masa, bai damu ya share ba.

“A miƙo ƙaron,” in ji Bilyamin. “Kuma gobe a je makaranta. Wanda zai kama ɓarayin ƙasa ba ya fara yanke hukunci kafin ya duba.”

Ya ɗaura tsagiyar a gindin sandar da wani ƙulli da Mujtaba bai taɓa gani ba sai a hannun Kaka. Ya ja, ya ɗaure sama, ya tokare ta da ɗan itacenta, ya goga ƙaro har ta yi gari. Yatsun nan da laka ta farfasa ba su yi kuskure ko sau ɗaya ba. Da ya gama, ya miƙa wa ɗansa gogen ba tare da ya dube shi ba. Mujtaba bai karɓa ba. Izgar ya ɗauka, ya ɗora a cinyar mahaifinsa.

Bilyamin ya daɗe yana kallon ta. Sannan ya kafa ƙwaryar a cikinsa, ya ja sau ɗaya don ya ji ko ta ɗauru. Ya sake ja. Sai ga waƙar amarya ta fito, wadda Mujtaba ya yi wata guda yana fama da ita, amma da wata lanƙwasa a ƙarshe da ba wanda ya taɓa koya masa. Huda ta saki baki.

Daga cikin ɗaki wani gadon igiyar ya yi ƙara. Aka ji tsohon yana laluben sandarsa, sai kuma ya fasa.

“Wannan ba hannun Mujtaba ba ne,” in ji Kaka Almu.

Bilyamin bai tsaya ba. Mujtaba ya goge bakin 'yar wuƙar da gefen rigarsa, ya mayar da ita ƙarƙashin matashi, daidai yadda ya same ta.