Watan da Dakta Bruzzone Ya Tafi Hutu

Shekara goma sha tara Baba yana kwanciya a doguwar kujerar Dakta Bruzzone duk ranar Alhamis, yana ba da labarin uwarsa da ta rasu tun kafin a haife ni. Dakta yana zaune ta bayan kansa, ba ƙwaya ba allura, sai "uhm" da "to me ka ji a lokacin?" A nan Buenos Aires, babban birnin Ajantina, har mahaucinmu yana da nasa likitan hira. Ni dai tun ina budurwa nake ƙyamar ofishin nan da warin tsohuwar dardumarsa.

Da Mama ta rasu, ciwon damuwa ya kayar da Baba warwas. Baban nawa, Anibal Ferreyra, telan da duk unguwar Villa Crespo ta san ɗinkinsa, ya rufe shago ya koma wuni cikin kayan barci. An gwada ƙwayoyi iri uku. Ɗaya ta busar masa da baki, ɗaya ta sa hannunsa rawa har ba ya iya zura zare a allura, ta ukun ta mai da shi kamar buhun gari a jingine. Likitar ƙwaƙwalwa ta ce a sa shi barci a jona masa lantarki a ka, yana aiki ƙwarai. Baba ya ƙi, don ya ga ƙanwarsa ta yi wata biyu tana laluben sunayen jikokinta bayan an yi mata. Sai likitar ta ambaci na'urar maganaɗisu da ake ɗorawa a ka: zama talatin, kullum ban da Asabar da Lahadi, ido biyu, kuma ba ta yi alkawarin komai ba.

Baba ya ce sai ya tambayi Dakta. Dakta ya ce "uhm", Baba ya dawo ya ce an hana.

Amma kowa ya san watan Fabrairu. Zafi na kamawa, duk masu doguwar kujera su rufe ofis su tafi bakin teku, su bar rabin gari yana hira da bango. Ran ɗaya ga wata na tsaya a kan Baba da wandonsa a hannuna.

"Tashi, tsoho. Maigidanka ya tafi wanka."

"Silvana, wannan cin amana ne."

"To mu je mu ci ta da safe, kafin rana ta yi zafi."

A ɗan asibitin da ke da na'urar, wata ma'aikaciya mai suna Noelia ta sa masa farar hula mai kama kai, ta auna, ta yi zane-zane a jiki, ta rubuta sunansa a goshin hular. Ta ɗora na'urar tana matsar da ita kaɗan-kaɗan har babban yatsansa ya harba da kansa. Baba ya kalli yatsan kamar na wani. Daga nan sai ƙwas-ƙwas-ƙwas a gefen kai. Ya ce yana jin ciwon kai, kuma shirme ne.

Mako biyu ba abin da ya canza, har na fara jin kunyar kaina. A mako na uku na miƙa masa shayin mate da safe, ya zuƙa ya yamutsa fuska.

"Wa ya koya miki tafasa ruwan mate? Kin ƙona ganyen, 'yar nan. Ba ni butar."

Na shige banɗaki na yi kuka, don rabon da Baba ya kushe wani abu tun ranar jana'izar Mama. Kafin ƙarshen wata ya aske gemu, ya buɗe shago rabin wuni, ya rage wa maƙwabcinmu tsawon wando yana zagin wanda ya ɗinka shi.

Zama ashirin muka yi, saura goma, Maris ya shigo. Ran Alhamis Baba ya tafi da kansa ya kwanta a kujerar nan ya tona komai, kamar wanda aka kama da matar wani. Ya dawo kafaɗa a sake.

"Dakta ya ce wannan sauƙin gudu ne. Wai na gudu cikin lafiya don kada in fuskanci uwata. Wai an toshe ciwon ne ba a saurare shi ba. Ya ce in zaɓa, ko shi ko injin."

"Baba, uwarka ta shekara hamsin a kabari! Me ya rage ba ka gaya mata ba?"

Ran Juma'a ya ƙi zuwa asibitin, Litinin ma haka, Talata na same shi cikin kayan barci da tsakar rana. Na tafasa ruwan mate da gangan har yana tsalle, ya shanye bai kushe ba.

Ran Laraba da yamma, bayan na tashi aiki, na biya asibitin in gaya wa Noelia ta ba wani lokacinmu. Ban taɓa zuwa da yamma ba. Ina zaune ina jira, ina jin ƙwas-ƙwas ta cikin ƙofa, sai aka buɗe. Wani dattijo ya fito yana ƙoƙarin cire farar hula, da sunansa ɓaro-ɓaro a goshi: Bruzzone. Fatarsa fara fat, ko inuwar teku bai gani ba.

"Sannu da hutu, Dakta," na ce. "Ya ruwan?"

Ya cusa hular a aljihu, ya gyara wuyan riga, ya dawo da muryar nan tasa ta bayan kai.

"Malama Silvana, ba za ki gane ba. Nawa ciwo ne kawai na jiki. Na mahaifinki yana da ma'ana."

Ban zage shi ba, kuma har yau ina jin haushin kaina. Na ce wa Noelia ta dakata tukuna, na fita.

A gida na gaya wa Baba komai, ban rage ko kalma ba, ina jira ya fashe. Ya daɗe yana kallon babban yatsansa.

"Ƙarfe nawa yake zuwa?"

"Biyar."

"Bawan Allah. Ashe shi ma." Ya yunƙura ya miƙe, ya ɗauko wandonsa daga bayan kujera ya karkaɗe. "Ki ce wa yarinyar nan ta bar mini na safe, gobe zan je. Kada mu haɗu ya ji kunya."

"Gobe Alhamis ce, Baba."

"Na sani. In mun fito sai ki sauke ni a wurinsa. Wa zai saurare shi in ban je ba?"